Filin Tambaya da Amsa: Noman Bokiti a Saman Bene

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Tun ranar da muka buga hoton jarjir ɗin (wani ganyen salak ne da Larabawa ke ci ɗanye) da na noma a bokitin fenti a saman benenmu nan Jidda wayata ba ta huta ba, wasu tambaya suke wasu musu, har da wani bawan Allah da ya rantse wai a halaga, kasuwar kayan lambu, na sayo na tsoma a ruwa na ɗauki hoto. Allah ya shirye ka ɗan'uwa. Na tsamo guda biyar daga cikin saƙonnin, waɗanda suka yi kama da juna na haɗe su, sauran sai wani makon in muna da rai.

TAMBAYA: Salam malam mai lambu, ni matar aure ce a Makka wajen Shari' Mansur muna hawa na uku, shekarata goma sha ɗaya rabona da gida kuma wallahi ba abin da nake kewa irin ɗanyar yakuwa da alayyafo, busasshiyar da 'yan umara suke kawo mana tsaraba ta ishe ni haka, gidan namu kuwa ko tafin hannu na ƙasa babu duk siminti ne da tayil, shine nace dan Allah da gaske ana shuka a ruwa zalla ko dai irin abin TikTok ne? In gaske ne ta ina zan fara, kuma kar ka kawo min abin tsada. Maman 'yan biyu, Makka.

AMSA: Wa alaikis salam Hajiya. Gaske ne, kuma kin san shi tun kina yarinya sunan ne dai ba ki sani ba. Kainuwar da ke kan kududdufin bayan gari wa ya taɓa ba ta ƙasa? Shi ya sa ake ce mata dashen Allah. Tsiro ba ƙasa yake ci ba, gishirin da ya narke a ruwan da ke cikin ƙasar yake sha, ita ƙasar aikinta ta riƙe shi ya tsaya ta kuma ajiye masa ruwa da iska. In kin ba shi waɗannan ta wata hanyar ba ruwansa da ita. Turawa na ce masa haidiroponik, Larabawan nan zira'a ma'iyya, ni dai noman ruwa nake cewa. Ba kuma sabon abu ba ne, tun 1937 wani malamin jami'ar Kalifoniya a Amurka mai suna William Gericke ya yaɗa sunan, bayan ya tayar da tumatir mai tsawon fiye da mita 7 a ruwan taki a bayan gidansa.

Hanyar da zan ba ki ba wuta ba famfo ba inji, ita ake kira hanyar Kratky, sunan wani malamin jami'ar Hawai ne, Bernard Kratky. Ki samu bokiti mai murfi wanda haske baya ratsa shi, irin na fenti mai lita 18 ko 20 a wanke shi tas. Ki huda murfin daidai faɗin ƙaramin kofin roba irin na shayi, shi ma kofin ki huhhuda gindinsa da gefe da ƙusa mai zafi. Irin kuma ki tsirar da shi daban a ɗan yankan soso mai laima, ko niƙaƙƙen ɓawon kwakwar nan da ake sayarwa a mashtal, wato wurin masu sayar da dashe, in ya yi ganye uku huɗu saiwa ta leƙo ta ƙasa sai ki ɗora shi a kofin ki tokare da 'yar tsakuwa wankakkiya. Ki cika bokitin da ruwan taki har ya ɗan taɓa gindin kofin, ki rufe, shikenan.

To ga inda kowa ke faɗuwa, ki karanta nan sau biyu. Tsiron zai yi ta sha ruwan yana ja baya, sai sarari ya buɗe tsakanin murfi da ruwa, ke kuma tausayi ya kama ki kice bari in cika masa. Kar ki cika. Wannan sararin shi ne hancinsa, saiwoyin da suka rage a sama sun koma na shaƙar iska, na ƙasa su ke shan ruwa, ranar da kika nutsar da na saman kin shaƙe shi kenan, gobe ki tarar ya yi laushi alhali yana tsakiyar ruwa. In ruwan ya yi ƙasa sosai ki ƙara kaɗan kawai, kamar sulusin bokitin zuwa rabi, saman saiwar dai ya zauna a iska. Latas ko jarjir ma baya buƙatar ƙari, lita 4 zuwa 6 ta ishi gindin latas ɗaya tun daga dashe har yanka, wajen wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi.

Sa'ar da kika yi ita ce abin da kike so ɗin shi ya fi dacewa da Makka. Alayyafo da lalo (mulukhiyyar nan dai ta Larabawa) da yakuwa duk 'ya'yan zafi ne, basa raki irin na latas. Alayyafo da lalo ki iya huda murfi uku ko huɗu a bokiti ɗaya, yakuwa kuwa tana girma ta yi rassa, ki bar mata bokitinta ita kaɗai ki riƙa tsinkar ganyen kina barin kan, zata yi ta sabon toho. Na'ana'a da ɗoɗɗoya ma ba sai iri ba, reshen da kika sayo a baƙala (kantin unguwa) ki tsoma a kofin ruwa sati ɗaya zuwa biyu ya yi saiwa. Zogale ne kawai zan ce ki haƙura, bishiya ce, gara ki sayi buhun ƙasa ki sa shi a babban tukunya. Rana kuma suna son awa biyar zuwa shida, amma ta safe, kar ki bar su a ta azahar.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni na riga na fara, na kashe riyal ɗina na sayi bututun nan fari mai ramuka da ɗan famfo kamar yadda na gani a YouTube na jera a saman imararmu a Ghulail, sati biyu na farko abin gwanin sha'awa har ina turawa gida hoto, yanzu kuma tun shigowar watan Yuni latas ɗin duk ya kwanta saiwar ta koma ruwan ƙasa tana yauƙi ruwan na wari kamar kwata, na ƙara taki abin ya ƙara lalacewa. Ko dai in maida shi cikin ɗaki ne in sa masa mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da ƙwan lantarki? Ƙaninka daga Jidda.

AMSA: Ƙanena ruwa baya tsami banza. Ba yunwa ce ta kashe maka latas ba, dafa shi kayi. Duk wanda zai yi noman ruwa a Hijaz ya sani rashin ƙasa ba shi ne matsalarsa ba, zafin ruwa ne, kuma masu bidiyon da kake kallo yawancinsu a ƙasashen sanyi suke shi ya sa ba za ka ji sun ambata ba. Saiwa ta fi jin daɗi in ruwan na tsakanin digiri 18 zuwa 24, da ya haura 28 an shiga rigima. Dalili biyu ne suka haɗu, ruwa mai zafi baya riƙe iskar oksijin da yawa, a digiri 20 lita ɗaya na ɗaukar wajen miligiram 9, a digiri 30 ya sauko wajen 7 da rabi, ita kuma saiwar a zafin ne buƙatarta ke ƙaruwa. Tana galabaita sai wata cuta mai suna Pythium, wadda ita zafin take so, ta hau kanta ta ruɓar da ita, shi ne yauƙin da warin da kake ji. Lafiyayyar saiwa fara ce tas kamar taliya. Takin da ka ƙara kuwa gishiri ka ƙara wa mai ƙishirwa.

Ni ma ta ci ni, kar ka ga kamar ina maka dariya. Shekarata ta farko baƙaƙen bokitai na jera a kan siminti tsakiyar rana, na dawo daga aiki bayan la'asar na tsoma yatsa na ji kamar ruwan shayi, tumatir gindi shida a sati ɗaya suka tafi, maiɗakina har yau in muka yi saɓani sai ta tuna min.

Shi wannan bututun naka tsari ne da wani Bature Allen Cooper ya fito da shi a Ingila a shekarun 1960, ruwa siriri ke bi ta ƙarƙashin saiwa. Ka ji ƙasar da aka yi shi dominta. Ruwa siriri a bututun roba a ranar Jidda minti nawa zai ɗauka ya yi zafi? Kuma famfon na tsayawa awa biyu da rana an gama. Ka ajiye shi sai sanyi ya shigo, daga ƙarshen Oktoba zuwa Maris lokacin latas kenan a nan, ko da saiwar ta tsira ma latas a zafi tsawo yake yi ya fitar da kara ya yi ɗaci. Wanda ke Ɗa'if, sama da mita 1,800 a kan dutse, shi lissafinsa daban ne.

Yanzu ka zubar da komai, ka wanke bututun da tankin da ruwan Clorox (bilic) tsarme ka ɗauraye sosai ka shanya. In kana son ci gaba a bazarar nan koma ma alayyafo da lalo da kuɓewa, a mazubi babba, don ruwa mai yawa baya saurin ɗaukar zafi. Akwatin farin soson nan da ake zuba kifi da ƙanƙara ya fi komai, in bokiti ne ka shafa masa farin fenti ko ka naɗe shi, ka ɗaga shi daga kan simintin da katako, ka ɗaura ragar inuwa a sama, in ka samu ɗan injin iskan da ake sa wa kifin ado ka jefa bakinsa ciki. Ranar da zafi ya yi tsanani gorar ruwa daskararriya a rufe ka tsoma.

Maganar ɗaki da mukayyif da ƙwai, zai yi, latas ɗin ma zai fi kyau, amma kayi lissafin kuɗin wuta tukun. Wani bincike da aka yi a jami'ar jihar Arizona a 2015 kan latas ya nuna noman ruwa ya ninka na gona amfani wajen sau 11, ruwan da ya sha ya gaza na gona wajen sau 13, amma wutar da ya ci ta ninka wajen sau 82, akasari wajen daidaita zafi da sanyin wurin. Latas ɗin riyal uku zaka ci da kuɗin nama.

TAMBAYA: Malam ina da kashin tumaki buhu guda da na samo a kasuwar dabbobi, in na jiƙa na tace ba zai yi ba? Ko takin zamani irin yuriya da muke sa wa masara a gida? Wani mai gadi, Makka.

AMSA: Ba zai yi ba Malam. A gona ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su ke narka kashin su mayar da shi abin da saiwa zata iya sha, a bokiti babu su isassu, ruɓewa kawai zai yi ya cinye iskar ruwan ya tara maka ƙuda, ga kuma haɗarin cuta tunda ganyen ɗanye ake cin wasu. Yuriya ita ma sai ƙasa ta juya ta, kuma naitirojin kaɗai gare ta, shi kuwa tsiro abu goma sha yake nema, fosfaras, fotasiyam, kalsiyam, maganiziyam, sinadarin ƙarfe da sauran ƙanana. Ko NPK ɗin 20-20-20 mai narkewa yawanci ba kalsiyam a ciki, shi ya sa masu amfani da shi tumatirinsu ke yin baƙin gindi.

Ka je shagon kayan noma kace mahlul A da B na zira'a ma'iyya, gora biyu ne, ka bi awon da aka rubuta a jiki don kowane kamfani da ƙarfin nasa. Abu ɗaya, kar ka taɓa haɗa su biyun kai tsaye. Zuba A a cikakken bokitin ruwa ka juya, sannan B. An raba su ne saboda kalsiyam na A in ya gamu da abin da ke B da kauri sai su dunƙule su kwanta a ƙasa kamar jibis, kuɗinka ya tafi tsiro bai sha ba.

Ruwan kuma a duba. Na famfon Jidda da Makka yawanci na tahliya ne, wato ruwan tekun da aka cire wa gishiri, daga Shu'aiba, ba laifi, a bar shi ya kwana a buɗe warin kulorin ya fita. Na wayit, wato tankar ruwa, in daga rijiya aka ɗebo wani sa'in gishirinsa ya yi yawa. Wanda ya fi su duka kuwa kyauta ne muna zubar da shi a titi kullum, ruwan da ke ɗiga daga bayan mukayyif, kusan ba gishiri a cikinsa, ka tara a jarka mai tsabta, na shuka ne fa ba na sha ba. In da hali ka sayi abin awon pH, wato tsamin ruwa, ka riƙe shi tsakanin 5.5 da 6.5, in ya haura sai ka ga sabon ganye na fitowa rawaya ko da takin ya cika.

TAMBAYA: Ɗana ina karanta filinka. Ni tsoho ne, na yi noma shekara talatin a ƙasar Katsina kafin Allah ya zaunar da ni Madina. Abin da bai taɓa ƙasa ba, an shayar da shi sinadarin kwalba, anya akwai albarka da lafiya a cikinsa? Jikokina sun dame ni sai mun yi.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa a cika a wannan gari mai albarka. Fatawa ba tawa ba ce, ga malamai nan kewaye da ku, amma ni abin da ke kwantar min da hankali ayar nan ce ta 30 a Suratul Anbiya da ke cewa daga ruwa aka sanya duk wani abu mai rai. Ta fannin lafiya kuwa, Baba kun fi ni sanin cewa takin gargajiyar da kuke kaiwa gona da jaki ba a ranar yake aiki ba sai ya ruɓe damina ta narkar da shi. To abin da yake komawa bayan ya narke ɗin, shi ne dai a cikin gorar, saiwa bata bambance wanda ya fito daga turken akuya da wanda ya fito daga masana'anta. Abin tsoro a ganye maganin feshi ne da ƙazamin ruwan ban-ruwa, kuma wanda kuka noma a gida kun san ba ko ɗaya. A ajiye gorunan nesa da ƙananan yara dai, a wanke ganyen kafin a ci.

Inda zan ba ku gaskiya shi ne bokiti ba zai taɓa zama gona ba. Gero da dawa da rogo da doya ba nan wurinsu yake ba, ko an matsa sun fito asara ce. Abin miya ne kawai. Amma ku bar jikokin su yi, kuma ku zauna kusa, wanda ya shekara talatin yana kallon ganye ya san mai ƙishi da mai yunwa tun kafin abin awo ya faɗa.

TAMBAYA: Salamu alaikum, ni ɗan Mai Wurno ne daga Sudan ina kiwon tumakin wani Balarabe a bayan Riyad, barsim (ciyawar dabbobi da ake nomawa) ya yi tsada shine ya ga ana tsirar da sha'ir a tire babu ƙasa wai kilo ɗaya na zama kilo bakwai a sati, yace in koya mu daina sayen ciyawa gaba ɗaya, ni kuma hankalina bai kwanta ba don na san in dabba ta rame ni za a tambaya. Mene ne gaskiyar abin?

AMSA: Wa alaikas salam ɗan'uwa, gaisuwa ga mutanen bakin Nilu. Hankalinka ya fi na mai tumakin, amma kar ka faɗa masa haka.

Tsadar barsim ɗin tana da tushe. Ƙasar nan ta sha ruwan ƙarƙashin ƙasarta sosai da noman alkama da ciyawa, shi ya sa daga 2008 gwamnati ta fara rage sayen alkamar gida har ta tsayar a 2016, ko da yake an ɗan sassauta daga baya, sannan daga ƙarshen 2018 aka taƙaita noman ɗanyar ciyawa a manyan gonaki. Tun lokacin kowa ke neman mafita, sha'ir mustanbat ɗin nan, wato tsirarren sha'ir, ya samu kasuwa.

Kilo bakwai ɗin gaskiya ne, sai dai kilo bakwai na me? Kilo ɗaya na busasshen sha'ir wajen giram 900 ɗinsa abinci ne tsantsa. Bayan sati ɗaya ya zama tabarmar kore mai kilo 6 zuwa 7, amma kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari ruwa ne, in ka busar da ita ka auna zaka ga bata kai giram 900 ɗin da ka fara da shi ba ma, saboda ƙwayar cikinta ta ci ta yi tsiron, kwana bakwai bai isa ganye ya fara samo wani abin kirki daga rana ba. Wato ruwa ka ƙara wa hatsinka. In ka ɗauke barsim da busasshiyar ciyawa ka bar tumaki da wannan kaɗai cikinsu zai cika su yi ta zawo suna ramewa, don tumbin dabba na buƙatar abu mai kaushi da zata tuƙa.

Ba wai bashi da amfani ba. Inda ba ɗanyen ganye ko kaɗan yana taimakon masu shayarwa da ƙananan raguna, dabba na cinsa da marmari, ruwan da yake sha kuma kaɗan ne in ka gwada da gonar barsim, shi ya sa Hukumar Abinci ta Duniya (WFP) ta ɗauke shi a sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi da ke Tinduf a hamadar Aljeriya, inda da ƙyar wani abu ke tsirowa. Ƙari ne a kan abinci, ka gaya wa mai gidanka haka, ku fara da kaɗan kuna haɗawa da busasshe.

In za ku yi, a wanke irin a kwashe wanda ya taso sama, a jiƙa awa 12 zuwa kwana ɗaya, a baza a tire mai huji kaurin kamar yatsa ɗaya, a riƙa yayyafa ruwa sau uku huɗu a rana yana tsiyayewa, ba a sa taki. Yana son digiri 18 zuwa 25, kenan sanyin Riyad ya dace da shi, bazara kuwa sai da ɗaki mai sanyi. Babban abokin gabarsa fumfuna ce, duk tiren da ka ga baƙi ko shuɗi-shuɗi a saiwar ko yana warin tsami ka zubar kar ka yi ƙyashi, tana iya sa tunkiya ɓari ko ta kashe ta. Kuma ka duba buhun, irin shuka da aka rina da jan magani ba na ci ba ne.

Kafin in rufe, mutum huɗu sun tambayi maganar sauro, ɗaya ma mai gidan hayarsa ne ya ce ya kwashe bokitansa. Mai gidan yana da hujja, zazzaɓin dengi ya bayyana a Jidda tun 1994 kuma Makka ma tana fama da shi, sauron da ke kawo shi kuwa ruwa mai tsabta da ke zaune a mazubi yake nema ya yi ƙwai, ba kwata ba. Murfi ya zauna daram, gefen kofi a toshe da soso, ramin da ba shuka a liƙe shi, jarkar ruwan mukayyif ita ma a rufe, duk sati a ɗaga a leƙa ko akwai tsutsa na wutsil-wutsil. Sannan a lissafa nauyi, lita ɗaya kilo ɗaya ce, bokiti ashirin cike kilo 400 kenan a kan rufin tsohon gini, a rarraba su ta gefen bango. In kayi duk wannan ka hau da mai gidan ya gani da idonsa, ka tsinko masa na'ana'ar shayi tukun kafin ka buɗe maganar.